Selina Yila, Malamar da ta Kawo Kakanni Makaranta

Haihuwa da Asali

An haifi Selina Matiyu Yila a unguwar Dawaki da ke cikin garin Gombe, ranar Laraba, 14 ga watan Maris na shekarar 1962. Mahaifinta, Malam Matiyu Yila, kafinta ne mutumin Billiri, wanda neman aiki ya kawo shi Gombe shekara uku kafin haihuwarta. Mahaifiyarta Hilda ita ma 'yar Tangale ce, kuma duk da tsawon zamanta a Gombe, Hausarta ba ta taɓa wuce ta sayen gishiri da gaida maƙwabta ba. Ba kasawa ta yi ba. Cewa take yi bakin da ta zo da shi bai lalace ba, balle ta nemi wani. A yarenta kuwa ba a ja da ita, domin idan ta zauna da yamma tana ɓarar gyaɗa ta soma labari, har yaran maƙwabta da ba su jin ko kalma ɗaya sukan tsaya a bakin ƙofa suna saurare. Cikin 'ya'ya huɗu da Allah ya ba su, Selina kaɗai ta rayu, kuma ta ɗauko taurin kan uwarta kaf ba ta rage komai ba.

Karatu

An sa ta makarantar firamare a shekarar 1968, ta kammala a 1974, sannan ta samu gurbi a wata kwalejin horar da malamai mata, inda ta fito da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu a 1980. A wannan kwaleji akwai doka cewa duk ɗalibar da aka ji tana yare za ta wuni tana sharar fili. Selina ba ta taɓa riƙe tsintsiyar nan ba. Hasali ma a shekararta ta ƙarshe ita aka ɗora wa rubuta sunayen masu laifi, kuma waɗanda suka yi zamani da ita sun shaida cewa alƙalaminta ba ya jin roƙo. Ta bar kwalejin da cikakken imani cewa abin da ke cikin littafi ya fi abin da ke bakin tsofaffi. Wajibi ne a ambaci wannan tun yanzu, domin ita da kanta ta bar wasiyya cewa duk wanda zai rubuta tarihinta kada ya yi mata kwalliya.

Aiki da Aure

A watan Satumba na 1980 aka ɗauke ta aikin koyarwa, aka tura ta wata makarantar firamare a unguwar Arawa, aka ba ta 'yan aji ɗaya. Ta yi suna wajen tsare gida da kyan rubutu a allo. A watan Disamba na 1984 aka ɗaura aurenta da Gilbert, ma'aikacin gidan ruwa, mutumin Kaltungo, mai sanyin hali, wanda ya gane tun da wuri cewa gardama da matarsa ɓata lokaci ne. Suka zauna a Hammadu Kafi, inda aka haifi 'ya'yansu uku: Debby a 1985, Jesse a 1988, da Danny a 1992. Bayan rasuwar Malam Matiyu a 1989, Selina ta ɗauko mahaifiyarta ta dawo da ita gidanta, aka ba ta ɗakin da ke kusa da madafi. Tun daga lokacin Jesse ya zama ɗan ɗakin kakarsa, a bayanta ya girma, a kwanonta yake cin abinci.

Lalurar Jesse

Jesse bai yi magana da wuri ba, da ya fara kuma sai maganar ta riƙa fitowa a guntule. Kunnensa lafiya, hankalinsa lafiya, in an aike shi ba ya mantuwa, amma ƙananan abubuwan da ke ɗaure magana sun ƙi zama a bakinsa. Inda sa'o'insa za su ce wata akuya ta shiga gona, akuyar ta ci masara, sai wani yaro ya kore ta, shi cewa yake yi, "Akuya shiga gona. Akuya ci. Yaro kora." Babu "wani", babu "wata", babu ɗan harafin nan na ƙarshen suna da ke nuna abin da aka riga aka ambata, saboda haka mai sauraro ba zai san ko akuyar farko ake nufi ko wata ce daban ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne daga baya Selina ta laƙaba wa suna maɓallan magana, wai don ƙanana ne amma in babu su riga ba ta rufuwa.

A wani garin da tuni an lura. Amma Gombe gari ne da mutane da yawa suka zo wa Hausa daga wani yaren, kowa da inda tasa take ɗingishi, don haka in yaro ya zubar da maɓallan magana babu mai ɗaga kai, sai dai a yi dariya a ce Hausar gidansu ce. Sai da aka sa shi makarantar da uwarsa ke koyarwa, a watan Satumba na 1993, abin ya fito fili. Turanci ya zo da nasa maɓallan, Jesse ya kasa riƙe ko ɗaya, yara suka mai da shi abin kwaikwayo, ya koma kujerar baya ya daina buɗe baki.

Shugaban makarantar a lokacin shi ne Malam Bamanga, Bafulatani mai tsafta da riƙon amana, wanda da kansa ya hana Fulatanci a gidansa don 'ya'yansa su yi karatu. 'Ya'yan kuwa sun yi karatun, saboda haka babu mai iya gaya masa cewa ba dabararsa ce ta yi aiki ba. Ya kira Selina ofis, ya shaida mata cikin kyakkyawar niyya cewa yaruka uku sun yi wa kan yaron yawa, maganin abin kawai shi ne a daina yi masa yaren Tangale a gida har bakinsa ya miƙe. Selina ta karɓi shawarar hannu biyu, domin tsoro ya cika ta, kuma maganar ta yi daidai da abin da aka koya mata.

Da ta dawo gida da la'asar, ta tarar da Hilda tana ba Jesse labarin wata shekara da aka yi fari, wata akuya ta ci masarar wani yaro, yaron ya bi ta da gudu har gindin dutse, akuyar ta shige wani tsagi ta ɓace. A daidai nan Selina ta tsayar da labarin ta kafa dokarta. Tsohuwar ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce mata da yare, "Ba yarena ne ya yi masa yawa ba. Ko a namu ma haka yake yi, yana cinye wutsiyar magana. Ki zauna ki saurare shi ki ji."

"Mama, ki bar wa waɗanda suka yi karatu," in ji Selina.

Shekarun Shiru

Hilda ta bi dokar, amma ta bi ta irin bin masu taurin kai. Tun da an hana ta yarenta, kuma ba za ta yi wa jikanta Hausar sayen gishiri ba, sai ta daina yi masa magana gaba ɗaya. Shekara uku suna zama a tabarma ɗaya suna ɓarar gyaɗa, in tana son abu ta nuna da baki, in ya yi daidai ta shafa kansa. Gilbert ya gwada yin magana sau ɗaya, Selina ta tambaye shi shekara nawa ya yi yana koyarwa, daga nan bai sake tsoma baki ba. A duk tsawon wannan lokaci Jesse bai ƙaru da komai ba a Hausa ko a Turanci, sai dai ya yi asarar ɗan yaren da yake da shi.

A daminar 1996 Hilda ta kwanta ciwo. Ranar 20 ga Agusta da hantsi ta karya dokar, ta miƙa wa Jesse hannu ta ce masa da yare ya zo ya zauna kusa da ita ta ƙarasa masa labarin akuya. Yaron ya tsaya yana kallonta, sannan ya juya wajen uwarsa ya ce, "Mama, me ce?" Selina ta buɗe baki ta fassara, maganar ta ƙi fita. Tsohuwar ta juya fuskarta jikin bango, kafin azahar ta rasu. Makonni shida bayan haka aka ƙirƙiro Jihar Gombe, gari ya ɗauki kiɗa da murna, Selina kuwa tana ɗaki tana jin kunyar kanta, kuma wannan kunya ba ta rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Ƙarin Karatu

A shekarar 1997 ta nemi hutun karatu ta tafi Jami'ar Jos, sashen ilimin yara masu buƙata ta musamman. A shekararta ta biyu wani malami ya yi musu bayani cewa yawan yaruka ba ya haifar wa yaro lalurar magana, kuma yaron da ke da lalurar gaske ana ganinta ne a duk yaren da yake yi, saboda haka kafin a yanke hukunci sai an saurare shi a yaren gidansu. 'Yan aji suka duƙufa suna rubutawa. Selina ta ajiye alƙalami, domin ta riga ta ji wannan darasi shekara biyar da suka wuce, a tsakar gidanta, daga bakin matar da ba ta san ko harafi ɗaya ba. Ta fita waje ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta dawo ta zauna a kujerar gaba.

Binciken da ta kammala digiri da shi a 2001 a kan maɓallan magana ne. Ta zana hotuna huɗu a kwali: akuya a gona, yaro ya gan ta, gudu zuwa dutse, akuya tana shiga tsagi. Ta nuna wa yara arba'in na garin Gombe, kowa ya ba da labarin da bakinsa tana ɗauka a kaset, sannan ta zauna tana ƙirga inda kowane yaro ya sa "wata akuya" a farko ya koma "akuyar" daga baya, da inda ya zubar. Malamin da ya duba aikin ya ce labarin bai ƙare ba, ya kamata ta ƙara hoto na biyar. Ta ce huɗun sun isa.

Ranar Kakanni

Da ta dawo tsohuwar makarantarta, aka ba ta wani ɗaki a bayan ajujuwa da ake ajiye karyayyun kujeru, aka tattara mata yara ashirin da uku da malamai suka gaji da su, waɗanda ake kira masu nauyin baki. Iyayen kusan dukkansu an riga an ba su shawarar nan ta hana yare a gida, domin zuwa lokacin ta zama ruwan dare, kowane malami yana bayarwa yana jin ya yi taimako. Matsalar Selina ita ce yaran Fulani ne da Tera da Waja da Barebari, ita kuwa ba ta jin yarensu, balle ta san ko maɓallansu na wurinsu.

Mafita ta shigo mata da ƙafarta wata ranar Alhamis a watan Maris na 2003. Wata tsohuwa mai suna Inna Jumma, kakar wata yarinya Hikima, ta tako tun daga rugarsu a bayan gari ta faɗo aji ko sallama babu, tana tambaya da Hausarta mai nauyi wane ne ya ce wa ɗanta Joda a daina yi wa jikarta Fulatanci, tana so ta ga fuskarsa. Selina ta dube ta, ta gane irin wannan tsayuwar, irin ta uwarta ce. Ta miƙe ta ba ta kujerarta ta malama, ta ɗauko kwalayen, ta ce wa Hikima ta ba kakarta labarin da Fulatanci. Yarinyar da ta shekara ba a ji muryarta ba ta dinga zuba kamar an buɗe famfo. Inna Jumma ta rufe ido tana saurare, da aka gama Selina ta tambaye ta ko akwai inda yarinyar ta cinye wutsiyar magana. Tsohuwar ta ce ko kusa, Fulatancin yarinyar ya fi na ubanta, shi ne ya lalata nasa a tasha. Ta kuma nemi jin abin da ya faru bayan akuyar ta shiga dutse, aka ce mata hotunan iyakarsu ke nan.

Daga ranar Selina ta tsayar da ƙa'ida cewa ba za ta yanke hukunci a kan kowane yaro ba sai an kawo mata kakarsa, in babu kaka a kawo wata tsohuwa ta gidan. Iyaye mata ba ta cika yarda da su ba a wannan aiki, domin a cewarta uwa tana tsoron malami, tana ɓoye laifin ɗanta, kuma yarenta ya riga ya cakuɗe da Hausa, amma kaka ba ta tsoron kowa kuma kunnenta bai gurɓace ba. Haka Alhamis ta zama Ranar Kakanni. Kafin ƙarshen shekara an gano cewa cikin yara ashirin da uku, goma sha huɗu lafiyarsu ƙalau, Hausa da Turanci kawai suke koyo, aka mai da su ajujuwansu, ciki har da Hikima. Sauran taran lalurar gaske ce, a kowane yare suna zubar da maɓallai. Waɗannan ta riƙe su tana yi musu horo a hankali, ta kuma ɗora wa kakannin aikin maimaita musu labari kullum a gida, suna ɗan jan wutsiyar kowace kalma don yaro ya ji ta. Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Abin da take cewa shi ne yaron zai ƙaru, kuma ba za a raba shi da kowa nasa ba.

Takardar Tuhuma

A lokacin Malam Bamanga ya zama sufeton makarantu, kuma labari ya kai masa cewa duk Alhamis harabar makaranta tana cika da tsofaffi masu tauna goro, ana yare huɗu a aji guda. A watan Nuwamba na 2005 ya aiko mata takardar tuhuma, yana zarginta da mai da makaranta dandalin tsofaffi, da ƙarfafa yin yare, da kuma ƙaryata 'yan uwanta malamai a gaban iyaye. Ta amsa da layi ɗaya cewa duka ukun gaskiya ne. A watan Fabrairu na 2006 aka zaunar da ita gaban kwamiti, aka ba ta zaɓi: ta rufe Ranar Kakanni, ta riƙa ba iyaye shawarar da kowa ke bayarwa, a yafe mata. Ta nemi a saurari kaset biyu, aka ce babu lokaci. Sai ta miƙe tsaye ta fuskanci tsohon shugabanta.

"Ranka ya daɗe, shawarar nan taka na bi ta shekara uku ban tsallake ko yini ɗaya ba. Ɗana bai warke ba, uwata kuma ta mutu bai ji abin da ta ce masa ba. Ka canja mini wurin aiki ko ka kore ni, amma bakina ba zai faɗa wa wata uwa haka ba."

Ba a kore ta ba. An tura ta wata makarantar ƙauye mai nisa, inda sai ta hau mota biyu kafin ta isa, kuma daga nan har ta yi ritaya ba a sake yi mata ƙarin girma ba. Masu wannan hukunci sun zaci sun kashe maganar, amma ba su san 'yar wa suka taɓa ba. Ta kwaso kwalayenta ta mai da Ranar Kakanni Asabar, a barandar gidanta da ke Hammadu Kafi, inda babu sufeton da ke da iko. Jesse, wanda ya faɗi jarrabawar Turanci sau biyu ya haƙura ya ɗauki kayan kafintancin kakansa, shi ya ƙera bencinan da tsofaffin ke zama. Gilbert kuma ya samu sabon muƙami na ɗebo musu ruwan sha, ya riƙe shi har tsufa ba tare da ƙorafi ba.

Malam Bamanga ya rasu a 2012 yana kan ra'ayinsa. Selina ta je ta'aziyya, ta ce wa iyalinsa mutumin kirki ne da ya yi kuskure da zuciya ɗaya, kuma ita ce ta ƙarshe da za ta jefe shi, tun da tare suka yi kuskuren.

Ritaya da Shekarun Ƙarshe

Ta yi ritaya a watan Satumba na 2015 bayan shekara talatin da biyar tana aiki. Ba a shirya mata walima ba, bincikenta bai taɓa shiga ɗab'i ba, rabin kaset ɗin ma zafi ya lalata su a cikin akwati. Wannan ya dame ta, kuma ba ta ɓoye ba. Amma abin da ya fi cin ranta shi ne Jesse, wanda bai taɓa ɗora mata laifi ko sau ɗaya ba, sai dai duk lokacin da ta fito da kwalayen akuya yakan tashi ya bar gidan. A 2017 ya auri Millicent, tela, haifaffiyar Gombe wadda ba ta jin yare sai Hausa da Turanci, suka zauna a sashe ɗaya na gidan. Da matar ta samu ciki, Jesse ya zo ya durƙusa gaban uwarsa yana da shekara talatin, ya roƙe ta ta koya masa yaren. Koyon ya yi masa wuya matuƙa, amma bai fasa ba. Da aka haifi yarinya a watan Mayu na 2019, shi ya raɗa mata suna Hilda, kuma tun tana goye Selina ba ta yi mata wata magana sai da yaren Tangale.

A watan Satumba na 2023, lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kwantar da Selina, wata makarantar kuɗi da aka sa yarinyar ta aiko da takarda. Turancin ya fi na Malam Bamanga ado, amma maganar ɗaya ce: yarinya ba ta haɗa magana daidai, a daina yi mata yare a gida. Millicent ta tsorata, ta ce ko a gwada na shekara ɗaya a gani. Selina ta sa aka kawo mata kwalayen, wannan karon ita ce malamar, ita ce kuma kakar. Ta saurari jikarta a yaruka uku, sannan ta faɗa musu gaskiya cewa irin na ubanta ne, a ko'ina tana cinye wutsiyar magana. Kowa ya jira ta tada jijiyar wuya kamar yadda ta saba, amma matar da ta tsaya gaban kwamiti ba ta girgiza ba sai ta ce 'yarsu ce, su yanke, domin ta san yadda tsoro ke yi wa uwa. Kwana uku tana jira, yarinyar tana shigowa ɗakinta tana hawa gado, ita kuwa tana shafa kan yarinyar ba ta cewa komai. Daga baya ta gaya wa Debby cewa kwana ukun nan sun fi ciwon zafi, kuma ba ta san yadda uwarta ta ɗauki shekara uku ba.

A rana ta huɗu Jesse ya rufe shagonsa da safe, ya ɗauki takardar ya tafi makarantar tare da Millicent. Shi mutum ne da ba ya son magana a gaban baƙi, sai ya yi gumi kafin ya haɗa jimla. Ya tsaya gaban malamar ya ce, "Anti, ni aka yi wa magani nan. Shekara uku. Ki ji bakina. Ya yi aiki?" Malamar ta ce tsarin makaranta ne, ba ita ta kawo shi ba. Millicent ce ta miƙa hannu ta karɓi jakar 'yarta, ta ce to a riƙe tsarin, su za su nemi wata makarantar. Da suka iso gida Jesse ya ɗauki yarinyar ya ɗora ta a gadon uwarsa, ya ce wa uwar da yarensa mai ɗingishi ta yi wa jikarta magana.

Rasuwa da Jana'iza

Wata biyar Selina ta yi tana yi wa jikarta magana, har likita ya ce ta rage surutu ta huta, ta tambaye shi ko shi ma takardar tuhuma zai rubuta. Ranar Alhamis, 8 ga Fabrairu, 2024, da la'asar, Jesse ya dawo daga shago ya shiga gaishe ta. Muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta ce masa ya zauna, akwai saƙon da ta riƙe masa shekara ashirin da bakwai: abin da kakarsa ta faɗa ranar nan shi ne ya zo ta ƙarasa masa labarin akuya. Sannan ta dubi jikarta da ke zaune a gefenta ta ce ta gaya wa babanta abin da ya faru bayan akuyar ta shiga dutse. Hilda ƙarama ta gyara zama ta faɗa da yaren Tangale, a guntule, yadda yaron ya zauna yana kuka a bakin tsagi, har can akuyar ta leƙo. "Akuya fito. Gemu jiƙe. Ruwa ciki, Baba. Gari duka sha." Jesse bai juya ya tambayi kowa me ta ce ba. Ya ji da kunnensa, ya sunkuyar da kai ya yi kuka, uwarsa ta ɗora hannu a kansa.

Malama Selina Matiyu Yila ta rasu washegari Juma'a, 9 ga Fabrairu, 2024, da safe, a gidanta da ke Hammadu Kafi, tana da shekara sittin da ɗaya. An yi mata sujadar bankwana ranar Asabar, 17 ga wata, aka binne ta a maƙabartar Kirista da ke cikin Gombe, kusa da mahaifiyarta. Babu wakili daga ofishin ilimi. Amma bencinan da Jesse ya ƙera ba su ishi tsofaffin da suka zo gaisuwa ba, Musulmi da Kirista, kowace tana yin ta'aziyya da yarenta, kuma Hikima 'yar Joda, wadda yanzu malamar firamare ce, ita ta riƙa nuna musu wurin zama. Allah ya ba ta hutawa, ya kuma haɗa ta da wadda ta daɗe tana son ba haƙuri.

Ta rasu ta bar mijinta Gilbert, da 'ya'ya uku: Debby, ma'aikaciyar jinya, Jesse, kafinta, da Danny, malamin sakandare. Ta kuma bar jikoki biyar, dukkansu suna jin yaren kakarsu.